Katin Da Ban Miƙa Masa Ba

Assalamu alaikum, jama'ata masu bin labarin nan. Saƙonninku sun iso, na karanta har idona ya yi yaji. A ciki akwai wata 'yar ƙwal uba da ta rubuto ta ce, "Hajiya Shatu, ke kullum fes kike fitowa a labarinki, wai ba kya laifi ne?" To 'yar nan, gyara zama. Yau asirina zan tona, kuma da hannuna.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni Bafulatanar Gwiwa ce, amma a Kazaure na yi 'yanmatancina, a gidan yayata da muke kira Adda. Mahaifinmu ya rasu ina goye, ƙanin mahaifiyarmu Ardo Mamuda ne ya riƙe mu. Shi ya sa ni a boko lokacin da duk rugar ke cewa ya haukace, don haka ko baffannina sun ce maganar aurena a hannun Kawu take.

Abin ya faru a 1980, ina da shekara ashirin da ɗaya, ko Jigawa ba a yanka ba. Zamanin arzikin mai ne, injuna na ta shigowa ƙasa. Aka buɗe wani ɗan ofis a Kazaure na shirin yi wa shanu allurar rigakafi a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, aka ɗauke ni aiki. Mu biyar ne cif.

Kwamfutar ba a wurinmu take ba, tana Kano, ta cika ɗaki guda. Sau ɗaya na taɓa ganinta, shi ma ta gilashi. Namu shi ne mu rubuta mata umarni, abin da ku 'yan yanzu kuke ce wa manhaja. Halliru ne ke rubutawa da fensir a wata takarda mai gidaje-gidaje. Ni in bi layi-layi in duba, in sa hannu, sannan in hau injin huda kati in mayar da kowane layi kati guda. Malam Daudu, malamin dabbobi, shi ke zaga rugage a babur yana rubuto sunan makiyayi da yawan shanunsa, kowane makiyayi shi ma in huda masa katinsa. Ran Talata Baba Kura direba ya kai akwatin katunan Kano a Landiroba, ran Alhamis ya dawo da doguwar takarda mai faɗin allura nawa za a kai kowace ruga. Shugabanmu kuwa Malam Sama'ilu ne, yayan Halliru uwa ɗaya uba ɗaya. Ku riƙe wannan, don nan gizo ke saƙa.

Ku da kuke da waya kuna tura wa samari saƙo mai tsawon zani, ku ji tamu. Kati ɗaya harafi tamanin kawai yake ɗauka, kuma injin yana buga rubutun a samansa. Wata safiya na zo sanye da atamfata shuɗiya mai zanen agogo, da ɗankwali ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, sai na tarar da baƙon kati a tirena. Na ɗaga na karanta:

"WANNAN ATAMFAR TA YI MIKI KYAU. DON ALLAH KAR KI HUDA NI."

Na waiga. Ga Halliru can da wandonsa mai faɗin ƙafa da hula zanna, ya duƙufa a kan takarda wai shi mai aiki, kunnensa kuwa kamar zai yi magana. Na zauna na huda amsa na ajiye masa:

"KA GYARA LAYI NA 17 TUKUNA."

Ya duba, ya ga da gaske akwai kuskure a layi na sha bakwai, ya tuntsire da dariya har Malam Daudu ya tambayi lafiya. Daga nan soyayya ta ƙullu.

Wallahi a lokacin bakina ba ya mutuwa. Duk ran Litinin muna zama a tebur ɗaya kafin kati ya tafi Kano, in ɗauki takardar Halliru in dinga karantawa da ƙarfi ina tsare shi da tambaya. "Malam Halliru, in makiyayi ba shi da saniya ko ɗaya fa, me injin zai yi?" "Malam Halliru, wannan layin ina ya dosa?" Shi kuma, Allah ya ba shi wani hali da har yau ban ga irinsa ba: ko kaɗan gyara ba ya ɓata masa rai. Sai ya dafe kai ya ce, "Kash, ta kama ni," ya ɗauki roba ya goge. Malam Sama'ilu ya raɗa min suna Jan Fensir. Yakan ce duk takardar da ba ta bi ta hannun Jan Fensir ba, ba za ta hau motar Baba Kura ba.

Bayan ƙaramar salla manyan Halliru suka kai gaisuwa Gwiwa, goro da alawa da turamen atamfa biyu. Kawu ya karɓa, aka sa rana bayan kaka. Da na je gida ya kama hannuna ya kai ni garke, ya nuna min wata karsana fara sol mai baƙin kunne.

"Wannan taki ce," ya ce. "Ranar da za a kai ki, tana bayanki."

Na rungume wuyanta ina ta murna, ita kuma tana lasar gefen mayafina.

Da na dawo Kazaure Adda ta zaunar da ni a ɗakinta, gaban jerenta na kwalla da samiru, tana tsefe min kai.

"Shatu, yanzu fa lissafi ya canja. Malam Sama'ilun nan ya tashi daga shugabanki kawai, ya zama surukinki. Babban wa kuma uba ne."

"To Adda, aikin fa?"

"Aikin ki yi da hannu, ba da baki ba. Kar in ji an ce kin ɗaga ido kin kalle shi. Kar in ji an ce kin ci abinci a gabansa. Sunan yaron nan kuma ya fita daga bakinki daga yau. Mu ba mu gaji rashin kunya ba."

Ban ga laifinta ba, haka aka rene mu. Washegari na je ofis da ƙaton mayafi ruwan toka har gwiwa. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa na gaida Malam Sama'ilu kaina a ƙasa. Na juya teburina na ba shi baya. Furata ma a bayan ofis nake sha, gindin wata bishiyar bedi. Ran Litinin in aka zauna, sai in miƙa takarda da sa hannuna in koma gefe. Jan Fensir ta zama kurma, kowa kuma sai yaba hankalina yake.

Ana cikin haka wata matsala ta taso. Makiyayi ɗaya sai a rubuta shi sau biyu, sau ɗaya a rugarsa, sau ɗaya a kasuwar Ɓaɓura in ya kai dabba. Sai a aika allura ninki biyu, ragowar kuma ta lalace, don da ta bar ƙanƙara shi ke nan. Halliru ya yi kwana uku yana fama, ya fito da dabara. Ya ƙara layi guda, layi na arba'in da biyu: in aka samu kati biyu ko fiye masu suna ɗaya a gunduma ɗaya, injin ya ɗauki na farko ya watsar da sauran.

Takardar na zuwa hannuna na karanta layin, sai na ga akwai matsala. Domin jiya-jiyan nan na huda kati tara, duk da suna ɗaya: Ardo Mamuda, Gwiwa. Kuma na san dalili sarai. Da damina maza tun sassafe suke kora shanu daji, Malam Daudu in ya isa mata yake tararwa. Bafulatana kuwa ko za ka yanka ta ba za ta faɗi sunan mijinta ba, haka na ɗanta na fari. Sai dai ta ja mayafi ta ce, "Mu mutanen Ardo Mamuda ne." Malam Daudu ya rubuta abin da ya ji. Gida tara ne daban-daban, garke tara, shanu sun haura ɗari uku. Halliru ɗan birni ne, bai san wannan ba. A duk ofishin nan ni kaɗai na sani.

Ran Litinin aka zauna. Halliru ya yi bayanin dabararsa, Malam Daudu har da tafi. Malam Sama'ilu ya ce, "Madalla. Akwai mai magana?" Na ji a jikina wajena ya juyo. Bakina ya buɗe, na rantse muku ya buɗe, sai muryar Adda ta faɗo min a kunne. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

"To shi ke nan," ya ce.

Da azahar zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce to in baki ya gagara ai akwai kati. Na hau inji na huda:

"LAYI 42 ZAI CINYE GIDA TAKWAS A RUGAR KAWU. SUNAN ARDO SUKA BAYAR. KA TSAYA."

Na juya bayansa na rubuta kwanan wata da fensir, yadda na saba yi wa kowane kati nawa. Na tashi na nufi teburin Halliru. Taku uku ya rage sai na ga Malam Sama'ilu tsaye a kansa, ya dafa kafaɗarsa yana cewa, "Ka fitar da ni kunya, ƙanena. Wannan ko a Kano sai a jinjina maka." Fuskar Halliru ta cika da fara'a. Ni kuma ga ni da kati a hannu mai cewa dabarar banza ce. Na yi kwana kamar na manta wani abu, na cusa katin a jakata.

A gida na ɗan gwada Adda, tana tuƙa tuwon dawa.

"Adda, in mutum ya ga wanda zai aura ya yi kuskure a aiki fa?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Sati biyu da kai gaisuwa za ki fara koya wa miji aiki a gaban yayansa? Miƙo min marar nan."

Na miƙa mata. Na shiga ɗaki na jefa katin ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwa. Na dinga lallashin kaina: ai Malam Daudu zai lura, ai na Kano za su gani, ai injin mai ƙwaƙwalwa ne. Ran Talata da safe akwati ya hau mota da sa hannuna a kai, raɗau.

Allura ashirin da uku aka kai rugar Kawu. Ashirin da uku, ga shanu sama da ɗari uku! Katin da ya zo farko na wata gwauruwa ne mai 'yan shanu kaɗan, shi injin ya ɗauka ya zubar da takwas. Malam Daudu ya ce wa Kawu kuskure ne, za a ƙaro. Da wani ardon ne, da nasa garken zai fara. Kawu ya sa aka raba allurar tsakanin shanun gwauruwar nan da 'yan maruƙan maƙwabta, nasa ko ɗaya bai sa a layi ba. Kafin a sake rubutawa, a kai Kano, a jira sabuwar allura, sati uku ya wuce. A cikin sati ukun nan wani garke ya bi ta burtalinsu da ciwon huhu. Shanu goma sha tara suka mutu a rugar, bakwai na Kawu ne.

Ranar da labari ya iso na shiga bayan ofis na yi kuka har na shiɗe. Abinci ya fita raina, na rame a tsaye, Adda na cewa zullumin aure ne.

Sai ga takarda daga manyanmu na Kano: a aiko da sunan wanda ya yi kuskuren, mutum ɗaya, za a sallame shi. Kafin kowa ya ce komai Halliru ya zauna ya rubuta cewa shi ne, ya ajiye a teburin yayansa. Da na dawo daga salla na tarar da kati a tirena, na farko tun bayan gaisuwa:

"LAIFINA NE NI DAYA. SA HANNUNKI BA ZAI FITO BA. DON ALLAH KI CI ABINCI."

Jama'a, ku ji mutum! Aikinsa na shirin tafiya, shi damuwarsa ban ci abinci ba. Bai san na gani na yi shiru ba, ya ɗauka wucewa ya yi ta idona kamar yadda ya wuce ta nasa. Son shi ya ƙaru a raina, kunyar kaina kuma ta ninka.

Ran Lahadi da hantsi Kawu ya sauka a gidan Adda, da malfarsa da sandarsa da wani ƙunshi a buhu. Ina ganin gefen atamfa ya leƙo na gane kayan gaisuwa ne. Ya zauna a zaure a kan buzunsa, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tsufa a wata ɗaya.

"Gobe bayan la'asar zan mayar musu da kayansu," ya ce.

Adda ta dafe ƙirji. "Kawu, a yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Mutuwar saniya ƙaddara ce, ban ja ba. Ban kuma ce yaron mugu ba ne. Amma mutumin da zai share gida takwas da fensir bai tambayi kowa ba, ran da zai share 'yata ma ba zai tambaya ba."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

Da yamma sai ga Malam Sama'ilu da kansa, ya cire takalmi tun daga waje. Ina bayan ƙyauren tsakar gida ina ji. Ya yi wa Kawu jaje, bai kare ƙaninsa da kalma ɗaya ba, bai kuma roƙi a bar maganar aure ba.

"Baba Ardo, alfarma ɗaya nake nema. Gobe da ƙarfe goma za mu zauna mu bi diddigin abin nan. Shanunka ne suka mutu, kai ka fi kowa haƙƙin jin yadda aka yi. In ka ji, la'asar tana nan, ka yi abin da ka ga ya dace."

Kawu ya ce, "Allah ya kai mu."

Da safe na buɗe adaka zan ɗauki mayafi, hannuna ya wuce ƙasa da kansa. Na ɗauko katin na soke shi a lalitata, ban ma san me zan yi da shi ba.

Malam Sama'ilu ya sa an ture tebura gefe, an shimfiɗa tabarmi. Ya warware doguwar takardar nan ta Kano a ƙasa tun daga bango har bakin ƙofa, inda Kawu ya zauna da sandarsa a cinya. Har Baba Kura an kira shi ciki, shi da kullum yana waje yana goge mota.

"Kano suna son suna ɗaya," in ji Malam Sama'ilu. "Na san ana cewa na riƙe takardar ƙanena don in rufa masa asiri. A faɗa. Ni abin da nake so in sani, kuskuren nan ya taso daga ruga, ya shigo ɗakin nan, ya je Kano, ya dawo, ya koma ruga. Hannu nawa ya bi ba a tare shi ba? In na kori mutum ɗaya ban san wannan ba, baɗi ma sai mun kashe wa wani shanu. Kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya hana shi magana. Ba mai zagin wani a nan."

Sai Baba Kura ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni na gani. Akwatin ƙanƙara na allurar Gwiwa kullum sai mun kama mu biyu. Ran nan da hannu ɗaya na ɗauka. Na ce a raina anya? Sai na ce ni direba ne, masu ilimi sun fi ni sani."

"Na gode, Baba Kura. Malam Daudu?"

Malam Daudu ya share gumi. "Ni na rubuta sunan Ardo sau tara. Na san gida tara ne. Da na ƙara ko 'yar alama ce a gefe, da ba haka ba. Ina sauri hadari ya taso."

Halliru ya ce, idonsa a ƙasa, "Ni na rubuta layin. Ban taɓa kwana a ruga ba, amma na yanke wa mutanen ruga hukunci daga kan kujera. Kuma na sa injin ya watsar da kati shiru, bai gaya wa kowa abin da ya watsar ba."

"Saura wa?" in ji Malam Sama'ilu.

"Shi ke nan, Yaya," Halliru ya yi caraf. "Daga ni sai motar Kano."

Kare ni yake yi, a gaban mutumin da zai hana shi ni. Na miƙe. Na zaro katin, na taka har tsakiyar tabarma, na ɗora shi a kan doguwar takardar.

"Saura ni," na ce.

Malam Sama'ilu ya ɗauka ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma. Ya juya bayansa ya karanta kwanan watan. Ranar Litinin ce, kwana guda kafin akwati ya tafi.

"Na gani tun kafin in sa hannu," na ce, hawaye na zuba. "Na san matan rugarmu, na san abin da zai faru. Na huda katin, na kasa miƙawa. Kunya na ji. Kawu, ka ce Halliru bai tambayi kowa ba, ai ya tambaya, ni ce aka ajiye don a tambaya, ni ce na yi shiru."

Ban iya kallon Halliru ba, amma na ji numfashin da ya ja. Kawu kuwa ko motsi bai yi ba.

Ina jiran faɗa, sai na ji Malam Sama'ilu ya ce, "To saura ni." Na ɗago ban sani ba, karo na farko da na kalli fuskarsa a wata biyu.

"Na ga ranar da Jan Fensir ta daina magana. Na ga ta juya tebur. Maimakon in damu, daɗi na ji, na ce ƙanena ya dace da mai tarbiyya. Ni na ce takarda ba ta tafiya sai ta bi ta hannunta, ni kuma na zauna ina kallo bakinta ya rufu saboda ni. Na tambaya ko akwai mai magana alhali na san ba za ta iya amsa min ba. Nawa ya fi na kowa."

Ya ɗauko takardar da Halliru ya amsa laifi a ciki ya yage ta biyu. Ya ɗauki sabuwa ya rubuta suna biyar, nasa a sama, ya bi da bayanin abin da ya faru da abin da za mu canja. Nan take aka tsara: injin ba zai ƙara watsar da kati shiru ba, duk wanda ya ware sai ya buga shi a takarda mun gani da idonmu. Baba Kura in akwati ya yi masa sauƙi ko nauyi, yana da ikon kashe mota ya dawo ya tambaya.

"Sannan," ya ce yana duban Kawu, "da izinin Baba Ardo, daga ƙarfe takwas zuwa tashi babu suruki a ɗakin nan. In an tashi ta durƙusa min har ƙasa, zan amsa."

Saura babbar tambaya: in suna ba ya raba gida da gida, me zai raba? Malam Daudu ya ce lamba, Halliru ya ce lamba ɓata take yi. Ana ta ja, sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Ku daina tambayar mata sunan maza." Kawu ne. "Ku tambaye su tsagar kunnen shanunsu. Kowane gida da tasa, kuma ba matar da za ta ji kunyar faɗa."

Halliru ya zabura kamar an tsikare shi. Ya ja takarda da fensir ya durƙusa a gaban Kawu. "Baba, tsaga iri nawa ce? A wane kunne?" Kawu ya dinga zanawa a ƙasa da bakin sandarsa, Halliru na kwafa yana tambaya, ya goge ya sake. Sun fi rabin awa a haka. Da ya gama sabon layin ya miƙo min takardar da hannu biyu, a gaban kowa.

Na bi ta da jan fensirina. Ga kuskure kuwa zaune a layi na uku. Na ji kunyar nan ta taso min tun daga ƙafa, ga suruki, ga Kawu. Na haɗiye ta.

"Halliru," na ce, "ka manta ɗa da uba sukan yi tsaga ɗaya, sai dai ɗan ya ƙara ɗigo. A haka za ka sake cinye gida."

Ya dafe kai. "Kash, ta kama ni."

Baba Kura ya yi dariya har da buga cinya. Kawu bai yi ba. Ya miƙe, ya ɗauki katina daga kan tabarma ya sa a aljihu, ya yi sallama ya fita.

Takardar mai suna biyar ta tafi Kano a haka. Daga baya ba wanda aka kora, gargaɗi aka yi mana duka, amma ƙarin girman Malam Sama'ilu sai da ya makara shekara biyu, kuma bai taɓa ambata mana ba. A ranar dai ban san wannan ba, la'asar kawai nake jira.

Na tarar da Kawu a zaure ya idar da salla, buhun na gefensa, Adda na durƙushe. Na durƙusa nesa da shi. Ya gama jan carbinsa tsaf, sannan ya tura buhun da sanda wajen Adda.

"Mayar da kayan nan ɗaki. Yaron yana tambaya, yana kuma jin gyara. Rana na nan yadda aka sa."

Adda ta fara godiya, ya ɗaga mata hannu. Ya juyo gare ni.

"Ke kuma. Na sayar da bijimi na sa ki makaranta don in kin ga abin da ba mu gani ba ki faɗa mana. Kunyar da na koya miki ta gaida manya ce, ban koya miki ki kalli garkena yana tafiya ki ja mayafi ba."

"Ka yafe min, Kawu."

"Na yafe tun a ɗakin can." Ya sa hannu a aljihu ya zaro katin, ya ajiye a gabana. "Karsanarki mai baƙin kunne ita ce ta uku da ta faɗi. Ba zan ware miki wata ba. Ranar da za a kai ki, wannan ne zai bi bayanki."

Haka kuwa aka yi. Amaren rugarmu kowacce da saniyarta ake kai ta, ni da kati aka kai ni, a ƙasan adaka.

Ke mai tambaya ko ba na laifi, kin dai ji.